Yadda za ka tantance abin da ake faɗa kan ɗaliban jami'o'in kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar da ake zancen karatun yara ya ji waɗannan kalamai: 'yan jami'ar kuɗi 'yan hutu ne, ba su san wahala ba, waɗanda JAMB ta kayar ne ke tafiya can, iyayensu ne ke saya musu digiri, holewa da shaye-shaye ne aikinsu, in sun fito ba sa iya tsinana komai a wurin aiki. Mai faɗin haka sau da yawa bai taɓa taka ƙafarsa cikin harabar irin wannan jami'a ba. Akwai kuma masu kare su ido rufe, waɗanda su ma abin da suka sani bai wuce hotunan gine-gine da suka gani a talla ba. Ga uban da zai sayar da fili, ko uwar da za ta kwashe adashinta domin biyan kuɗin zango takwas ko goma, wannan magana ta wuce hira. Haka take ga mai ɗaukar ma'aikata da takardun masu neman aiki ke jibge a gabansa. Kowane ɗaya daga cikin zarge-zargen nan yana da ma'aunin da za a gwada shi da shi, kuma mako biyu sun ishi mutum ya yi gwajin da kansa.

Fara da sanin jami'ar da kake magana a kanta

Kuskuren farko shi ne yi wa jami'o'i masu zaman kansu kuɗin goro. A 1999 aka ba wa uku na farko lasisi a Najeriya, wato Igbinedion da ke Okada, da Babcock, da Madonna. Yau sun haura 140, kuma ba su yi kama da juna ba ta fuskar kuɗi, ko manufa, ko irin ɗaliban da suke ɗauka. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda Atiku Abubakar ya kafa, tsarin karatun Amurka take bi. Al-Qalam ta Katsina, wadda ta fara a 2005, al'umma ce ta kafa ta bisa tafarkin Musulunci. Nile da Baze suna Abuja, ta farko tun 2009, ta biyu tun 2011. Skyline ta buɗe a Kano a 2018. A Kudu akwai waɗanda majami'u suka kafa, irin su Covenant da ke Ota. Kuɗin da ake biya a mafi tsadar cikinsu ya ninka na masu sauƙin sau da yawa. Saboda haka in wani ya ce maka 'yan jami'ar kuɗi kaza ne, tambayar farko ita ce: wace jami'a, wane sashe, kuma a wace shekara ya gani?

Sashen ya fi sunan jami'ar muhimmanci. A harabar guda za ka tarar da ɗalibin likitanci da ba ya samun barcin awa shida, da wani a wani kwas da ke da kwana uku a mako babu lakca. Suna kwana a ɗaki ɗaya, amma rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Rubuta sunan sashen da ya dame ka a saman takarda, duk tambayar da za ka yi daga nan ta tsaya a kansa.

Kafin ka tafi ko'ina, shiga shafin intanet na Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ka tabbatar jami'ar tana cikin jerin masu lasisi, sannan ka nemi matsayin kwas ɗin. Hukumar tana ba da cikakkiyar amincewa mai aiki na shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko ta ƙi amincewa gaba ɗaya. Jami'a tana iya zama da lasisi alhali wani kwas nata bai samu amincewa ba, kuma a nan iyaye da yawa ke faɗawa rami.

Ko duk 'ya'yan masu hannu da shuni ne?

Wannan ya fi sauƙin gwadawa, kuma shi ne zargin da ya fi saurin rushewa. Abin da ke haifar da shi shi ne ido yana kama abin da ya fi ƙyalli. Mota goma masu tsada a bakin ɗakin lakca sun isa su sa baƙo ya yanke hukunci a kan ɗalibai dubu biyu. Wanda ya sauka daga adaidaita sahu a bakin ƙofa ya taka da ƙafa, babu mai waiwayarsa.

Ka je jami'ar sau biyu. Na farko a ranar da suka gayyaci iyaye, na biyu a ranar Talata ko Laraba ta tsakiyar zango, ba tare da sanarwa ba, da misalin ƙarfe takwas zuwa goma na safe. Tsaya kusa da ƙofa na rabin awa ka ƙirga ɗaliban da suka shigo da motar kansu ko direba, da waɗanda suka shigo a motar haya ko ta makaranta ko a ƙafa. Da rana ka shiga wurin cin abinci ka duba abin da aka fi saye, ba abin da ya fi tsada a jerin ba. Daga nan ka wuce ofishin kuɗi ka tambayi abu biyu: ko ana yarda a biya kashi-kashi, da kuma ko ɗalibai da yawa ne ke biya haka. Inda ka ji cewa biya kashi biyu ko uku shi ne ruwan dare, ka san yawancin iyayen ma'aikata ne da 'yan kasuwa masu matse kai.

Akwai dalilin da ya kawo irin waɗannan iyaye. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 kuma ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Gidaje da yawa da ba su taɓa tunanin jami'ar kuɗi ba sun lissafa shekarun da ke zubewa, suka ga gara su ci bashi yaro ya gama a kan lokaci. Ga 'ya mace da ake jiran ta gama a yi biki, wannan lissafi ya fi ƙarfi. Sannan bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ɗaliban makarantun gwamnati kawai ya shafa, don haka ɗan talakan da ke jami'ar kuɗi daga aljihun dangi yake karatu.

Kada ka manta da masu tallafin karatu. A zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, gwamnatin Kano ta ɗauki nauyin ɗalibai a jami'o'i masu zaman kansu irin su Igbinedion da Crescent ta Abeokuta da Bells ta Ota da Al-Qalam. Jami'ar Amurka ta Yola ta karɓi 'yan matan Chibok, waɗanda suka kuɓuta a 2014 da waɗanda aka sako daga baya, ta fara da su daga ajin share fage. Waɗannan duka ɗaliban jami'ar kuɗi ne. Ka tambayi ofishin rajistara kashi nawa cikin ɗari na ɗalibai ke kan tallafi, na jami'ar kanta, ko na jiha, ko na wani kamfani.

'Ya'yan manya suna nan, babu mai musu. Abin da ya kamata ka gano shi ne ko su ne ke tsara yanayin wurin. A wasu jami'o'in ƙalilan ne amma su ake kallo, har yaron da ya zo da guzurin garin kwaki ya fara jin kunyar wayarsa. Wannan matsin lamba gaskiya ne, kuma ya fi cutar da ɗan mai matsakaicin hali fiye da kowa.

Makin shiga

A nan zargin yana da ƙamshin gaskiya. Jarrabawar JAMB maki 400 ce. Mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi a taron hukumar ya kasance 140 a 2022 zuwa 2024, aka ɗaga zuwa 150 a 2025. Jami'o'in gwamnati irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano suna da masu nema fiye da gurbin da suke da shi, saboda haka a kwasa-kwasan da ake rububi makin da ke shigar da mutum yana hawa sama sosai. Jami'ar kuɗi kuwa sau da yawa gurbinta ya fi masu iya biya yawa, sai ta tsaya kusa da mafi ƙarancin makin. Sakamakon haka za ka samu aji guda da ya haɗa mai maki 290 da mai 160.

Amma ka lura da abin da wannan ke nunawa da abin da ba ya nunawa. Yana nuna cewa ƙofar shiga ta fi faɗi. Bai nuna yadda ake fita ba. Yaro mai 170 da ya samu aji na mutum talatin, da malamin da ya san sunansa, da wutar lantarki da dare, yana iya wuce mai 230 da ke leƙen allo ta taga a ɗakin mutum ɗari biyar. Yana kuma iya fita kamar yadda ya shiga, in babu mai matsa masa. Tambayi sashen mafi ƙarancin makin da suka ɗauka bara da mafi yawa, sannan ka tambayi me suke yi wa raunanan ɗalibai a shekarar farko. Amsa mai kyau tana zuwa da bayani dalla-dalla: darasin ƙari na lissafi da Turanci, awa nawa a mako, wa ke koyarwa. In amsar ba ta wuce "muna kula da su sosai" ba, babu tsari.

Ka kuma tabbatar an ba yaro gurbin ta manhajar CAPS ta JAMB, kuma yana da kiredit biyar na WAEC ko NECO da suka dace da kwas ɗin. Wanda aka ɗauka ta bayan fage sunansa ba zai shiga kundin JAMB ba, kuma ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa ne matsalar za ta fito.

Zancen sayen digiri

Wannan shi ne zargi mafi nauyi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Da farko a raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai masana'antar takardun bogi, kamar wadda ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya bankaɗo a ƙarshen 2023, inda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin makonni shida, abin da ya sa gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024. Wannan sayen takarda ne tsagwaronsa. Abin da ake zargin jami'o'in kuɗi masu lasisi da shi wani abu ne daban, wato sassauci wajen ba da maki. Shi ba a ganinsa da ido, sai an bi sawunsa.

Ga yadda sassaucin ke faruwa inda yake faruwa. Jami'ar kuɗi da kuɗin ɗalibai take biyan albashi da man janareta, domin gwamnati ba ta ba ta kuɗin gudanarwa, asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ma bai shafe ta ba. Duk ɗalibin da aka kora, kuɗin shekarun da suka rage masa ne ya tafi. Malamai da yawa a kan kwantiragi suke, wasu kuma aro ne daga jami'ar gwamnati da ke kusa, suna zuwa kwana ɗaya ko biyu a mako. Malamin da ya kayar da rabin aji zai iya samun kira daga sama a tambaye shi dalili. Ba sai an ce masa ya canza maki ba. Zango mai zuwa da kansa zai sauƙaƙa tambayoyi. Sannan makin aikin cikin zango, wanda yawanci yake kashi 30 ko 40 cikin ɗari, shi ne wurin da aka fi zuba alheri. Ɗalibin da ya shiga jarrabawa da 36 cikin 40 ba ya buƙatar wani abin kirki kafin ya haye. Jami'ar da ta san abin da take yi tana toshe waɗannan kafofi da dokoki, kuma dokokin ne za ka bincika.

Nemi littafin bikin yaye ɗalibai na shekara biyu ko uku da suka wuce. Ana raba shi ga baƙi, kuma duk wanda ya gama yana da shi a gida. A cikinsa akwai sunayen waɗanda suka gama a kowane sashe da darajar digirinsu. A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke bi, daraja ta ɗaya daga 4.50 take zuwa 5.00, ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49, ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49, ta uku daga 1.50 zuwa 2.39. Ƙirga na sashen da ya dame ka. A ce mutum 60 ne suka gama, 18 suna da daraja ta ɗaya, babu ko ɗaya mai ta uku: wannan yana buƙatar bayani, musamman in ƙofar shiga tana da faɗi kamar yadda aka nuna a sama. In kuwa ka ga darajojin sun bazu, akwai na sama kaɗan, na tsakiya da yawa, na ƙasa ma suna nan, alama ce ta cewa ana auna mutane da gaske. Ka tuna jami'ar da ke bin tsarin Amurka a kan maki huɗu take lissafi, kada ka haɗa lambobin biyu.

Yawan masu daraja ta ɗaya shi kaɗai ba hujja ba ce ta maguɗi, kuma a nan masu zargi ke yin gaggawa. Ƙaramin aji, da kalandar da ba ta yankewa, da sakamakon da ke fitowa a kan lokaci, da damar ganin takardar jarrabawarka bayan an duba, duk suna ɗaga maki ta hanyar halal. Akwai kuma tsohuwar al'adar wasu malaman da ke ganin ba wa ɗalibi A kamar asara ce, wadda ke danne maki a wasu wuraren. Saboda haka kana buƙatar ma'auni na biyu, wanda jami'ar ba ta da hannu a cikinsa.

Wannan ma'auni shi ne jarrabawar waje. Duk wanda ya karanta shari'a, daga jami'ar gwamnati ko ta kuɗi, sai ya je Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, ko a Bwari, ko Bagauda, ko Yola, ko Legas, ko sauran rassanta, ya zauna jarrabawa ɗaya da kowa. Masu aikin jinya suna da jarrabawar majalisarsu. Masu harhaɗa magunguna suna da tasu kafin a yi musu rajista. Akantoci suna da ta ƙungiyarsu, ICAN. A waɗannan wurare babu wanda ya san nawa mahaifinka ya biya. Tambayi shugaban sashe: ɗalibanku nawa suka zauna bara, nawa suka ci a zama na farko? Sashen da ɗalibansa ke cin jarrabawar waje yana da lambobin a bakinsa, har ma yakan liƙa su a allon sanarwa. Mai kame-kame ya ba ka amsa.

A likitanci da shari'a akwai ƙarin abu guda da ba a wasa da shi: adadin gurbi. Majalisar Likitoci, MDCN, da Majalisar Ilimin Shari'a suna ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Jami'ar da ta ɗebi fiye da gurbinta, ɗalibanta za su gama su zauna suna jiran layi kafin a rantsar da su ko a tura su makarantar lauyoyi. Tambayi adadin gurbin, sannan ka tambayi wani ɗalibi su nawa ne a ajinsu.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Mutum nawa aka kora bara saboda faɗuwa, nawa aka ba gargaɗi? Ana aiwatar da dokar halartar kashi 75 cikin ɗari na lakca kafin shiga jarrabawa? Wane ne mai duba jarrabawa na waje da ke zuwa daga wata jami'a ya tantance takardun 'yan ajin ƙarshe? Malamai nawa ne na dindindin? Ma'aunin NUC malami ɗaya ne ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniyanci, ɗaya ga 10 a likitanci. Kwatanta sunayen da ke littafin sashe da waɗanda ke jadawalin lakca na wannan zangon, domin suna a takarda daban, mutum a aji daban. Jami'ar da ta ce maka ba ta taɓa korar kowa saboda faɗuwa ba, ta faɗa maka abin da kake nema ba tare da ta sani ba.

Tarbiyya da shaye-shaye

Shaye-shaye ba cutar masu kuɗi ba ce su kaɗai. Rahoton 2018 na binciken da aka gudanar da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna amfani da ƙwayoyi a Najeriya, kuma a shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wannan annoba ta shiga tasha da kasuwa da gidajen aure, ta shiga jami'o'in gwamnati da na kuɗi. Abin da kuɗi ke canzawa shi ne irin abin da ake sha, da sauƙin samunsa, da sauƙin rufe maganar in ta fito.

Ta fuskar doka kuwa, jami'o'in kuɗi da yawa sun fi na gwamnati tsanani nesa ba kusa ba. Akwai masu tilasta kwana a cikin makaranta, masu rufe ƙofa da dare, masu hana fita sai da takardar izini da amincewar iyaye, masu dokar sutura, masu gwajin ƙwaya lokacin rajista. Wasu na Kudu har riƙe waya sun hana. Karɓi littafin dokokin ɗalibai ka karanta shi duka, sannan ka gwada ko ana aiki da shi. Mai gadin ƙofa, da mai kula da ɗakin kwana, da masu adaidaita sahun da ke jira a waje da daren Juma'a sun fi kowane jami'i sanin amsar. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: an taɓa korar ɗan wani babba saboda laifi? In kowa ya san labarin wani da aka kora duk da matsayin mahaifinsa, dokar tana da haƙori.

Tsananin ma yana da nasa aibin. Yaron da aka tsare shekara huɗu ba tare da ya taɓa yanke wa kansa shawarar lokacin dawowa ba, wani lokaci yakan ɓalle da zarar ya samu sarari. Kuma haɗarin ya fi yawa ga ɗaliban da ke zaune a gidan haya a waje, da mota da kuɗin kashewa masu yawa, babu babba a kusa. Wannan daga gida yake farawa, jami'a ba za ta iya gyara shi ita kaɗai ba.

"Ba su san wahala ba"

Akwai gaskiya a ciki, amma a duba wace wahala ake nufi. Bin layin ruwa da asuba, da neman sakamakon da ya ɓace, da zaman gida wata takwas, ba su ne ke sa mutum ya iya aiki ba, kuma babu uban da ke yi wa ɗansa fatan su. Abin da ɗalibin jami'ar gwamnati ke samu wanda ɗan jami'ar kuɗi kan rasa shi ne cuɗanya da kowane irin mutum, da iya bin haƙƙinsa daga ofis zuwa ofis ba tare da ya kira gida ba, da juriyar a ce masa a'a. Masu ɗaukar ma'aikata sukan lura da wannan giɓi, kamar yadda sukan lura cewa ɗan jami'ar kuɗi ya fi sabawa da kwamfuta da tsayawa gaban mutane ya yi bayani.

Hanyar aunawa ita ce duba inda ɗalibai ke yin horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda a fannoni da yawa wata shida ne. In yawancinsu a kamfanin baba ko ofishin kawu suke yi, ana sa musu hannu a littafi ba tare da sun zo ba, zargin ya tabbata a wannan sashen. In sashen ne ke nemo musu wuri, malami yana zuwa duba su, labari ya sha bamban. Ka kuma tambayi ko akwai aikin al'umma na dole. Jami'ar Amurka ta Yola misali ce da aka sani: a 2014 da 2015, lokacin da rikicin Boko Haram ya koro dubban mutane zuwa garin, jami'ar da shugabannin addinai na Adamawa sun yi ta rabon abinci ga 'yan gudun hijira, kuma ta gudanar da shirin ciyarwa da koyar da karatu ga almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Ɗalibin da ya shiga irin wannan aiki ya ga abin da ke bayan katanga.

Wa za ka tambaya, kuma ta yaya

Kada ka dogara da mutum ɗaya. Nemi aƙalla mutum goma: ɗalibai huɗu da ke ciki yanzu daga aji daban-daban, biyu da suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce, malami ɗaya da ke koyarwa a nan da kuma jami'ar gwamnati, uba ko uwa biyu, da mutum ɗaya da ya bar jami'ar bai gama ba. Malamin nan mai ƙafa biyu shi ne mafi daraja a cikinsu, domin yana duba takardun ɓangarorin biyu da alƙalami ɗaya. Ɗaliban da ofishin talla ya zaɓo maka ba sa cikin lissafi.

Yadda ka yi tambaya shi ke kawo irin amsar da za ka samu. In ka ce wa ɗalibi, "Gaskiya ne ana ba ku maki kyauta?" zai kare makarantarsa, domin darajar takardarsa ce kake taɓawa. Ce masa, "Wane kwas ne ya fi kayar da mutane a ajinku, kuma su nawa suka maimaita shi?" In ya ambaci kwas ɗin da malamin nan take, har yana girgiza kai, akwai karatu a wurin. Tambaye shi ranar da ya yi karatun dare na ƙarshe, da littafi nawa ya aro a laburare wannan zangon. Ga wanda ya gama, tambaye shi abin da ya ba shi wuya a watansa na farko a hidimar ƙasa ko a wurin aiki, da abin da ya ga ya fi abokan aikinsa iyawa.

Ka yi hattara da masu ba da shaida iri biyu. Uban da ya riga ya kashe miliyoyi da wuya ya ce ya yi kuskure. Wanda kuma ya sha wahala a jami'ar gwamnati yakan ji cewa duk wanda bai sha irinta ba bai cancanci takardarsa ba. Dukansu da zuciya ɗaya suke magana, amma ka karɓi abin da suka gani da idonsu, ka ajiye hukuncin da suka yanke. Bidiyon bikin ɗalibai da ke yawo a TikTok ma haka: mutum ashirin ne suka yi rawa a dare ɗaya, sauran suna ɗaki.

Ga mai ɗaukar ma'aikata, hanya mafi gajarta ita ce ya rufe sunan jami'ar, ya ba kowa aiki iri ɗaya na awa ɗaya: rubuta wasiƙa, warware lissafi a kwamfuta, bayyana aikin binciken ajin ƙarshe da baki. Wanda aka rubuta wa aikin bincikensa ba ya wuce tambaya ta uku, ko daga ina ya fito.

In ka gama binciken ka yanke shawarar kai yaro, aikin bai ƙare ba. Karɓi lambar shiga shafin sakamakonsa tun ranar rajista, ko ka nemi a riƙa turo maka kwafi kowane zango. Ƙayyade kuɗin kashewa na wata, ka riƙa turawa kashi biyu maimakon dunƙule, kuma a bar zancen mota sai ya wuce shekara ta biyu. A shekarar farko ya kwana a cikin makaranta. Samu lambar malamin da ke kula da ajinsu ka kira shi sau ɗaya a tsakiyar zango, kafin jarrabawa, lokacin da gyara ke yiwuwa. Idan sakamakon zangon farko ya fito, ka zauna da yaron ka ce ya koya maka abu ɗaya daga kwas ɗin da ya samu A a cikinsa, na tsawon minti goma, ba tare da ya duba takarda ba.